Kunyar 'Yar Fari a Yendi

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da roƙon Allah ya haskaka makwancinki, ƙara na kawo miki, kuma da hannunki a ciki.

Ke kika koya mini a Katsina cewa mace mai tarbiyya ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata wasa a gaban surukai. "Ta ciki na ciki," kike cewa. Da aure ya kawo ni Yendi cikin ƙabilar Dagomba, na riƙe wannan gam.

Da na haifi 'yata ta fari, ranar suna na sunkuyar da kai, ko kallon jaririyar ban yi ba. Na zaci yabo zan sha. Ashe matan gidan ƙus-ƙus suke da yarensu, wai baƙuwar nan ba ta son 'yarta. A nan mai haihuwar fari gidan iyayenta take komawa a yi ta tattalinta. Ni wurin wa zan koma?

Sai yayar mijina, Sanatu mai cinikin doya, ta ɗauki jaririyar don tausayi. Ita ce wanka, ita ce goyo zuwa kasuwa, ita ce yi mata rawa tana rangaɗa sunanta har maƙwabta su ji. Ni tawa nono ce, ta sha in miƙa.

Inna, kishi nake yi. Matar ba ta taɓa ɓata mini ba, shi ya fi ci mini rai. Haƙorin farko ita ta gani. Ranar da yarinyar ta fara tafiya, ta gabana ta wuce ina tsintar shinkafa, ta faɗa jikin Sanatu. Na yi kamar ban gani ba.

Yanzu an yaye ta, Sanatu kuma za ta koma Salaga da zama. A al'adarsu gwaggo tana ɗaukar 'yar ɗan'uwanta riƙo. Maigidan ya amince, wai ai kowa ya shaida ban damu da yarinyar ba.

Jiya na tsaya tsakar gida, gaban surukata da kowa, na kira ta: Rahinatu. Ta ɗaga kai ta dubi gwaggonta, don ita ta sani da wannan kiran.

Ki yafe mini, Innata, gobe ma zan kira, jibi ma haka. Allah ya jiƙanki, ya sa ta amsa mini kafin motar Salaga ta tashi.

'Yarki ta fari, wadda har kika rasu tana jiran ta ji sunanta a bakinki,
Hadiza