Na Ga Yaya da Kurarsa a Bangon Shago

Wangsa Maju, Kuala Lumpur
Laraba, 12 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Ɗelu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki da dukan mutanen gidanmu na Ringim. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan, ya sa kaffara ne. Ni ma alhamdu lillahi. Likitocin nan sun ce zuciyar ta ɗan daidaita, sai dai numfashi, taku ashirin sai na nemi abin dafawa. Ɗana Fatihu yana iyakar ƙoƙarinsa a kaina, amma tun safe yake tafiya jami'a, matarsa Sakinatu ma da nata aikin. Jikoki kuwa in na yi musu Hausa sai su amsa mini da Turanci ko yaren ƙasar. Haka nake wuni a hawa na goma sha huɗu, ina kallon jirgin ƙasan nan da yake bi ta kan gada ba direba.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Na ɗauki wayar sau uku ina ajiyewa, don na san muryata ba za ta kai ƙarshen maganar ba. Lailatu, na san ke za ki karanta wa mahaifiyarki. Ki sa ta zauna tukuna, kuma ki karanta a hankali.

Ɗelu, na ga Yaya. Ba a mafarki ba, kuma ba ruɗin tsufa ba ne. Asabar uku da suka wuce Sakinatu ta ce in raka ta titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, inda ake sayar da yadi da mayafai, ko na ɗan sha iska. Muna cikin tafiya ruwa ya kece, muka faɗa wani ƙaramin shago a lungu don mu fake. Shagon hotuna ne, na wani tsoho ɗan ƙasar Sin. Ba hotunan mutanen kirki ba, a ganina na lokacin. Bango duk 'yan dabo ne da masu wasa da dabbobi: wani da doguwar hula yana zaro tantabara daga hannun riga, wani ya sa mace a akwati zai yanka da zarto, ga damisa tana tsallake zoben wuta, ga giwa ta ɗora ƙafa huɗu a kan ɗan turmi. Mai shagon ya ce tallar wasanni ce ta zamanin da, wadda ake liƙawa a bango in masu wasa za su shigo gari. Yanzu ana sake bugawa a takarda mai kauri, kowace da lambarta, masu sha'awa suna tarawa kamar yadda muke tara kan sarki muna 'yan makaranta. Ina jinsa ina cewa a raina, kai duniya, har wannan shirme ya zama abin adanawa.

Sai na juya don in nemi wurin jingina, idona ya faɗa kan wani hoto a kusurwa. Baƙin mutum ne dogo, ƙirji a waje, ya sha layu da guraye, mesa ta naɗe masa wuya, hannunsa na dama riƙe da sarƙar wata ƙatuwar kura mai takunkumi. An ɗora masa wani rawani mai ƙyalli wanda ba namu ba, amma fuskar tamu ce. Ga billen gidanmu a kumatun hagu. Ga kunnen nan da jakin Malam Ila ya gutsure masa tun ba a haife ki ba, mai zanen bai ɓoye shi ba. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe na Turanci: Abdul Salam, Sarkin Kurayen Afirka. Ga shekara a gefe, 1975. Ɗelu, daga nan ban san abin da ya faru ba. Na dai tsinci kaina a kujera, Sakinatu tana yi mini fifita tana ta salati, mai shago yana miƙo mini ruwan ɗumi. Shekara sittin rabona da wannan fuska. Na daɗe da sa shi cikin matattu, ina zaton kura ta cinye shi a wata kasuwar ƙauye, ko yunwa ta kashe shi a tasha. Ashe yana can ana buga hotonsa, Turawa da Sinawa suna layi don su gan shi.

Kina da shekara goma lokacin da ya bi gardawa, ban san ko kina tuna ranar ba. Baba ya tsaya a zaure ya ce ɗan ladan ba zai ja kura a kasuwa ba, duk wanda ya sake ambatonsa a gidan ya bi shi. Inna kuwa dama ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, in ta kama dole sai ta ce "yayanku" ko "wancan". Wannan kin sani. Ga abin da ba ki sani ba, wanda na riƙe shi ni kaɗai shekara hamsin.

Bayan rasuwar Baba, kina gidan mijinki a Gumel, ni kuma ina koyarwa a firamare, ina neman auren uwar su Fatihu, 'yar gidan alƙali. Wata rana da hantsi wani Ba'indiye ya tsaya a ƙofar gida da mota, mai sayen namun daji ne da ya zo Kano. Hannunsa riƙe da wata doguwar takarda a naɗe, an ɗaure ta da zare. Ba ya jin Hausa, ni kaɗai ke jin Turanci a unguwar, sai na zama tafinta. Ya ce an aiko shi wurin mahaifiyar Abdussalam, kuma an ce kada ya ba kowa saƙon sai ita. Inna ta zo ta tsaya bayan asabarin zaure. Na gaya mata baƙon yana tambaya ko ita ce ta haifi Abdussalam. Ta ce a hankali ita ba ta san wani mai wannan suna ba. Ɗelu, ke kin san ma'anar wannan magana. Kowace uwa a Ringim haka za ta ce a gaban baƙo in an ambaci ɗan farinta. Kunya ce. Ta faɗi nata ne ta bar mini sauran, tana jira in ce wa mutumin ita ce, ya kawo saƙon. Ni kuwa na dubi maƙwabta da suka fara taruwa, na tuna gidan alƙali, na tuna za a ce ga ƙanen gardi. Sai na juya na gaya wa baƙon da Turanci mai kyau cewa ta ce ba ta da ɗa mai wannan suna. Ban ƙara harafi ko ɗaya a kan maganarta ba, da wannan na riƙa lallashin kaina duk tsawon shekarun nan. Mutumin ya dube ni, ya mayar da takardarsa mota, ya tafi. Da ƙurar motar ta lafa Inna ta tambaye ni ko bai bar komai ba. Na ce mata ɓatan kai ya yi.

Da na dawo hayyacina a shagon, na gaya wa tsohon cewa wannan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya cire tabarau ya dube ni, ya dubi hoton, ya ce kunnen ne kawai ya bambanta mu. Ya ce 'yar mutumin ce ta kawo masa asalin hoton ya sake bugawa, kuma yana da lambarta. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini sunan. Nan ne na sake ruɗewa, har Sakinatu ta ce mu tafi asibiti. Sunanta Delu binti Abdul Salam. A ƙasar da ba wanda ya san abin da sunan yake nufi, ya sa wa 'yarsa tilo sunanki.

Mun haɗu ranar Lahadin da ta wuce, a wani gidan abinci na Indiyawa Musulmi da ke ƙasan gidanmu, irin wanda ake ce wa mamak. Mace ce mai shekara arba'in da 'yan kai, malamar makaranta, da lulluɓinta. Tafiyarta taki ce sak, har yadda kike karkatar da kai in kina sauraro. Ta kama hannuna ta kai goshinta, haka suke gaida manya a nan. Hausarta kalma huɗu ce: sannu, tuwo, kura, da Inna. Ta ce wata ƙungiyar masu wasa da dabbobi ce ta ɗauko mahaifinta daga Legas, suka zaga ƙasashe a jirgin ruwa, da ta watse ya zauna a nan. Ya yi aure, ya kama aikin kula da dabbobi a wani gidan namun daji har ƙarfinsa ya ƙare. Ba ya wasa da salla. Ya rasu shekara takwas da suka wuce, an binne shi a kusa da garin Ipoh. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da Inna da Baba a Aljanna.

Sannan ta buɗe jaka ta fito da naɗaɗɗiyar takarda, ta yi ja don tsufa, har da zaren. Takardar nan ce da aka kawo wa Inna, Ɗelu, ashe ita ce asalin hoton. Ba'indiyen ya mayar masa da ita, ya kuma faɗa masa abin da aka ce. Ta ce tun daga ranar bai sake maganar komawa gida ba, kuma bai yarda an rataya hoton a ɗakinsa ba, yana ƙasan akwati har ya mutu. In tana ƙarama ta tambaye shi ina kakarta, sai ya ce uwarsa ta ce ba ta haife shi ba, kuma tana da gaskiya. A bayan hoton akwai rubutun ajami da hannunsa, ita ba ta iya karantawa, ba ta kuma taɓa samun wanda ya iya ba. Ta ce in karanta mata. Ga ni tafinta kuma, bayan shekara hamsin. Layi uku ne. Ya ce a gaida Inna, a ce mata yana da rai, bai bar salla ba. Ya ce in ta yafe masa a aiko da kalma ɗaya, zai dawo. Ya ce a gaida Nata'ala ɗan boko, shi ne zai karanta wannan, da Ɗelu mai kuka.

Na gaya mata komai, ban rage ba. Na yi ta fama da Turancina na da ina yi mata bayanin kunyar ɗan fari, yadda uwa a wurinmu take ɓoye wanda ta fi so, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Na ce mata kakarta ba ta ƙi ɗanta ba, ni ne na fassara kalmomin Inna na bar Inna a bayan asabari. Ta saurare ni har na gama, shayinta ya huce ba ta taɓa ba. Ba ta ɗaga mini murya ba. Ta ce ita uwa ce, kuma ba ta ga yadda uwa za ta ji an kawo saƙon ɗanta da ya ɓata shekara goma ta ce ba ta san shi ba, kowace irin al'ada ce. Ta ce wataƙila ina so ne in ɗauke wa mamaciya laifi in ɗora wa kaina, don tsofaffi suna yin haka. Ta tambaye ni ko akwai wani mai rai da zai shaida cewa kakarta ta taɓa tunawa da shi. Ba ta yarda da ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Mutumin da ya yi ƙarya da gaskiya sau ɗaya, da me za a gane gaskiyarsa?

To ke ce shaidar, Ɗelu. Ke kike wanke kwanon nan mai murfi, shuɗi, wanda Inna take zuba tuwo a ciki kullum ta ajiye a kan randa, ba ta ce na wane ne ba, da safe ta ba kaji. Kin yi ta wanke shi har aka kai ki ɗakin miji, kuma kin san ba ta daina ba har ciwon ajalinta. Ke ce kika gaya mini ta taɓa marinki don kin ci abinci a cikinsa. Ni ban isa in ba da wannan labari ba, daga bakina ba shi da nauyi. Ina roƙonki ki sa Lailatu ta ɗauki muryarki a waya kina faɗa, yadda kike magana, kada ki gyara. Fatihu ne zai fassara mata, ni na ajiye wannan aiki. In kwanon yana nan cikin kayan Inna da ke ɗakinki, a ba Ziyad, ɗalibin da ya kawo miki wannan takarda, zai dawo bayan salla. Ku hanzarta da muryar, likita ya sa mini ranar komawa asibiti ƙarshen wata, kuma ban san yadda za ta kaya ba.

Ban ce ki yafe mini yau ba. Na hana Inna ɗanta, na hana ki yayanki, na hana shi kabari kusa da nasu. In kin ga dama ki yi fushi, kin fi kowa haƙƙi. Amma kada fushin da za ki yi da ni ya shafi takwararki.

Na ba Ziyad hoton guda ɗaya a naɗe, mai shagon ne ya ba ni kyauta. Na san masu gidanku ba sa son hoto a bango, balle na gardi da kura. Duk da haka ki sa a buɗe shi a zauren gidanmu ko sau ɗaya, a nan aka aiko shi tun farko. Ki tara yara su gan shi, in sun tambaya wane ne, ki faɗi sunan da ƙarfi.

Ki gaida mini Alhaji Muntasir da iyalinsa, da Jumai, da Mubina da mijinta, da Lailatu da ta sha wahalar karatun rubutuna mai rawa. Fatihu da Sakinatu suna gaishe ki. Delu ma ta ce in ce miki sannu, da bakinta ta faɗa, da Hausa.

Ni ne yayanki da ya rage,
Nata'ala, ƙanen Abdussalam