Ƙorafi Kan Matatsan Kwalba da Aka Rubuta a Kayan Isansi

Daga: Maharazu Ɗan Azumi,
Maƙerin dalma, layin 'yan tukwane,
Kasuwar Dogon Marke, yankin Mayahi.

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Kwamitin Kula da Kasuwar Dogon Marke.

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024.

Game da: Kayana da aka kama ranar Talata 8 ga Oktoba, waɗanda aka sa ranar ƙona su Talata 22 ga wata.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izini in gabatar da kukana, domin kwana takwas suka rage a sa wa sana'ata wuta.

1. Shekara biyu ke nan ina ƙera wani ɗan abu na dalma da mata suka sa wa suna matatsa. Baki biyu gare shi. Ana ɗora shi a kan bakin wata kwalba, a kifa wadda man girkinta ya ƙare a bisa, a ajiye a rana, sauran man da ya maƙale ya tsiyaye ƙasa. Cokali biyu ko uku ne ake samu. Mai wadata zai raina, amma mai miya ta san darajarsa.

2. Ranar 8 ga wata, da hantsi, masu sa ido na kwamitinka suka zo neman kayan masu sayar da isansi, wato fetur, na fasa-ƙwauri. Ɗaya daga cikinsu ya ga matatsa a tabarmata, ya tambaye ni ko na mene ne. Na ce masa na mai ne. Man gyaɗa nake nufi. Shi kuwa ya rubuta isansi a takardarsa da Faransanci, ya miƙo mini, na dangwala yatsa saboda ban yi lakkwal ba, ban iya karatun boko ba. Sai da dare ɗiyata Nasiba ta karanta mini, a kwafin da aka bar mini, abin da na amsa da hannuna.

3. An kwashe matatsa saba'in da huɗu. Waɗannan zan iya haƙura da su. Abin da ya hana ni barci shi ne samfurin itacen da aka haɗa da shi. Shi nake dannawa cikin rairayi in zuba dalma, kuma in babu shi bakin matatsa ba ya kama kwalba. Malam Ƙadri masassaƙi ne ya sassaƙa mini shi, wata uku yana gyarawa. Yanzu idanunsa sun tafi, ba zai sake yin wani ba.

4. Na je biro, wato ofishin kwamiti, ranar Laraba 9 da Asabar 12 ga wata. Zuwan farko aka ce mai makulli ba ya nan. Zuwa na biyu aka nuna mini yatsana a takarda, aka ce ai na riga na amsa. Ranka ya daɗe, na amsa kalmar mai, ban amsa isansi ba. Raina ya ɓaci matuƙa, ba zan ɓoye ba, amma ban ɗaga murya ga kowa ba.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a dakatar da ƙona kayan, a buɗe buhun da aka zuba su a gabanka, a sa wanda ya rubuta takardar ya gwada zuba isansi ta cikin matatsa ɗaya. Ramin bai wuce kaurin karan dawa ba, zai wuni bai cika lita ba. In an gamsu, a gyara takardar, a ba ni samfurina ko da za a riƙe sauran.

Idan kuma kwamiti ya tsaya a kan cewa kayan fasa-ƙwauri ne, to wajibi ne in sanar da kai, ba don rashin kunya ba, cewa uwargidanka Hajiya Munira ta aiko an saya mata biyu kafin babbar salla. Suna madafin gidanka, ranka ya daɗe, sai a haɗa da su ranar Talata.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Maharazu Ɗan Azumi
(Nasiba ta rubuta, ta karanta mini sau biyu kafin in dangwala.)