Ƙasusuwan Gonar Bayan Dutse

Daren Laraba, Roni

Da hantsi masu haƙa mana rijiya a gonar bayan dutse suka ci karo da ƙasusuwan mutane jibge kan juna, manya da yara. Ko ɗaya ba a fuskantar da shi gabas ba.

Na garzaya wurin Goggo, tsohuwar da ta rage mana a gida. Ko mamaki ba ta yi ba.

Ta ce, "Mutanen annoba ne, ɗan nan. Lokacin kakan kakanku yana dagaci, ya sa aka kwashe talakawan da suka kamu aka zube can, ya hana liman zuwa. Ba wanka, ba salla."

Na ce, "To gonar fa, Goggo?"

"Tasu ce. Da ba wanda ya rage ya gada, sai ta koma hannun dagaci."

Innalillahi! Ni da nake tinƙaho da asalinmu a ofis! Duk kaka muna fitar da zakkar dawar gonar nan, hankalinmu kwance.

Gobe zan kira liman, ko dangi sun so ko sun ƙi. Ga tuwon dawa an ajiye mini tun magariba, har ya huce. Na kasa buɗe kwanon.