A Dawo Mana da Muryar Baba

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke kula da kwamfutocin makarantun Islamiyya na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan an wuni lafiya.

Ni malami ne a wani ƙauye kusa da Shanono. Mahaifinmu ya shekara da shekaru yana karantar da tafsiri a zaure. Kafin rasuwarsa, ƙanina Sadisu ya naɗi karatun, ya haɗa manhajar da ke kunna shi a kwamfutar makaranta. Sadisu ma ya rasu, a haɗarin mota a hanyar Dawanau, kwamfutarsa ta farfashe da asalin rubutun manhajar a ciki.

Na ɗaya. Manhaja tana aiki da wasu guntayen shiri da ake kira laburare. Sadisu ya ɗinke yawancinsu a jikin manhajar, amma na sauti ya bar shi waje, sai an buɗe ta take aro shi daga kwamfuta. Ya ce min haka ya fi sauƙi. Allah ya jiƙansa, bai san zai riga kwamfutar makarantar tafiya ba.

Na biyu. Bayan girbi ma'aikatanku suka zo, suka cire tsohon faifan kwamfutar, suka sa sabo. Sun kwafe manhajar da karatun, ban ce ba su yi ba. Amma sabon laburaren sautin bai jitu da tsofaffin da ke ɗinke a ciki ba. Babu wanda ya tambaye mu.

Yanzu manhajar tana buɗewa, layin sauti yana motsi, sai dai shuuu kawai ake ji. Can sai tarin Baba ya fito, ko rabin kalma, ya sake nutsewa. Yara sun daina zama kusa. Inna kuwa, mahaifiyarmu, takan sa in kunna mata hakan, ta zauna tana jiran tarin. Wallahi abin yana hana ni sukuni.

An ce za ku goge tsofaffin faya-fayan da kuka tara. Ranka ya daɗe, kada a goge namu. A ba mu shi, ko a ciro mana tsohon laburaren kawai. Inna ta tsufa ƙwarai, ina so ta ji mijinta ya kai aya ƙarshe ko sau ɗaya ne.

Allah ya jiƙan naku magabatan, ya yi muku jagora.

Wassalam.