Wata Takwas Ban Hau Bene Ba

Zuwa ga: Babban Sifeton Ayyukan Gine-gine, Ofishin Kula da Ma'aikata
Daga: Mai koyon walda, filin ginin bene da ke bayan tashar mota
Kwanan wata: 9 ga Yuni
Game da: Hana ni aikin da aka ɗauke ni domin shi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka:

1. Ranar 2 ga Oktoban bara kamfanin da ke wannan gini ya ɗauke mu, mata uku cikin ma'aikata ɗari da goma, saboda sharaɗin kwangila ya ce sai da mata. Biyu sun riga sun bari. Ni kaɗai na rage.

2. Kafin in zauna jarrabawar shaidar ƙwarewa ranar 30 ga Agusta, dole in cika awa ɗari biyu ina walda a saman gini. Har yau ba ni da ko awa ɗaya. Jami'in tsaro ya ce ba zan hau ba sai da ɗamarar tsaro mai hana faɗowa, daidai jikina, kuma gaskiyarsa ne, domin duk na sito na maza ne, ƙaramar cikinsu ma zamewa take daga kafaɗata. Mai sito kuma ya ce ba za a sayo ƙarama ba tunda babu macen da ke hawa. Sau huɗu na rubuta musu, a Nuwamba, Janairu, Maris da Mayu. Kowa sai ya mayar da ni wurin ɗan'uwansa.

3. Aikina yanzu shi ne share kwantenar ofis da dafa wa injiniyoyi ruwan zafi. Ranar 17 ga Afrilu da ma'aikatanka suka zo duba aiki, aka ba ni sabuwar hular kwano, aka tsayar da ni gaban kyamara da wutar walda a hannu. Motarsu na fita aka karɓe hular.

4. Babu banɗakin mata. Don haka ba na shan ruwa daga safe har a tashi.

5. Barin aikin ma ba ya yiwuwa. Ainihin takardar makarantata na hannun kamfanin har sai shekara biyu ta cika, kuma babu mai ɗaukata aiki ba tare da ita ba.

Yallaɓai, babana ne ya koya mini walda kafin idonsa ya mutu. Kullum na dawo sai ya tambaye ni hawa na nawa muka kai. Ina faɗa masa inda ginin ya kai, in yi shiru da sauran.

Ina roƙon ofishinka ya umarci a samar da ɗamarar kafin ƙarshen watan nan, a yi banɗakin mata, ko kuwa a sakar mini takardata. Idan za a sake turo masu dubawa, don Allah kada a sanar da ranar.

Ka huta lafiya cikin girma.

Taka mai biyayya,
Mai koyon walda, katin aiki mai lamba 87