Ta'aziyyar Mai Girma Wistin Refalo, Matuƙin Jirgin da Aka Zaɓa Don a Yi Dariya

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Matan da Teku Ta Cinye wa 'Yan Uwa ta ƙauyen Tal-Blat, a tsibirin Gozo, ta samu labarin rasuwar Mai Girma Wistin Refalo, matuƙin jirgin fito kuma tsohon zaɓaɓɓen wakilin wannan tsibiri a Majalisar Gwamna, wanda ya cika da safiyar Talata yana da shekara saba'in da huɗu.

Ƙungiya ba za ta ɓoye yadda marigayin ya shiga majalisa ba, domin kowa ya sani. A shekarun nan jami'an da Turawan Ingila suka naɗa sun fi zaɓaɓɓun wakilai yawa, saboda haka duk ƙudurin da namu suka kawo faɗuwa yake yi. Da abin ya ishi lauyoyi da manyan gari, sai suka shirya a zaɓi mutumin da bai san ko baƙi ɗaya ba, domin a kunyata majalisar, bisa sharaɗin zai yi rantsuwa ya ajiye kujera washegari. Suka zaɓi Wistin. Ya yi rantsuwar, ya ƙi sauka. Da suka tare shi a bakin tasha, amsar da ya ba jagoransu ita ce: "Ranka ya daɗe, ku kuka ɗora ni. Ni kuwa ban taɓa sauka daga jirgi a tsakiyar ruwa ba."

Shekara uku ya yi a kujerar, kuma ƙuduri ɗaya ya taɓa kawowa: a kafa hasumiyar fitila a kan dutsen da ke bakin mashigar Tal-Blat, inda jiragenmu ke farfashewa. Ni mai wannan rubutu, wadda ta koyar da 'yan mata shekara arba'in kuma doka ba ta taɓa ba ta ƙuri'a ba, ni nake karanta masa takardun majalisa, kuma ni na nuna masa cewa duk abin da wakili ya faɗa cikin ƙudurinsa wajibi ne magatakarda ya rubuta. Daga nan, kowane zama, sai ya miƙe ya jero da ka sunayen waɗanda suka nutse a wurin, kowa da sunan jirginsa, har da ƙanena Ġużepp. Wani jami'i ya taɓa ce masa cikin raha, ta bakin tafinta, "Malam matuƙi, yau ma matattun naka ne?" Ya ce, "Su ne, yallaɓai. Sun ƙaru da biyu tun zuwana na baya. Gyara zama." Sau goma ƙudurin yana faɗuwa, wakilanmu masu digiri suna kallon rufi. A karo na sha ɗaya aka amince da shi, aka kafa fitilar. Shekara goma sha biyu ke nan ba a ƙara suna ko ɗaya ba.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga uwargidansa, Sinjura Vitorja Refalo, da 'ya'yansa mata uku, da babban ɗansa, Notari Kalċidon Refalo, lauya mai hatimce takardu, tana roƙon Allah Ya jiƙan marigayin, Ya ba su juriyar wannan rashi.

Sai dai ya zo kunnenmu cewa, tun marigayin na kwance yana jinya, Notari ya umurci mai sassaƙa ya rubuta sunan mahaifinsa kawai a kan dutsen kabari, ba "Mai Girma", ba ambaton majalisa, wai don kada a tayar da tsohon abin dariya. Kalċidon, ɗana, a bencin bayan ajina ka koyi haruffa, lokacin da makarantar maza ba ta da malami, saboda haka zan gaya maka kai tsaye: waɗanda suka shirya dariyar su ne ke da abin ɓoyewa, mahaifinka ba shi da shi. Kabari na iyali ne, ba za mu sa baki ba. Amma bangon fitila ba na iyali ba ne. Ƙungiya ta samu izinin mai kula da mashiga, kuma ranar Lahadi bayan sujada za mu kafa allon dutse a gindinta, da cikakken sunansa da muƙaminsa. Muna gayyatar jama'a, muna kuma ajiye wa Notari wuri a gaba.

Kwana huɗu kafin rasuwarsa na kai wa marigayin wannan magana. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Malama, bar yaron nan ya rubuta abin da ya ga dama, ai ba iya karantawa zan yi ba. Ki dai ce a duba man fitila." Mun duba man, yana nan cike. Karatu kuwa, mu mun iya.

Sa hannu:
Sinjorina Filomena Tabone,
Tsohuwar Shugabar Makarantar 'Yan Mata,
Shugaba kuma Kakakin Ƙungiya,
Tal-Blat, Gozo, 14 ga Nuwamba, 1897.