Takardar da Yaya Sada Bai So Ba

Laraba, bayan Isha, Jibiya.

Kamfanin inshora ya karɓi takardun Yaya Sada yau. Alhamdu lillahi.

Shekaranjiya ya gogi wata motar gero a hanyar Maraɗi, ba wanda ya ji ciwo. Ya ba da haƙuri, yana jiran a ce "Allah ya kiyaye gaba" a watse, yadda muka saba. Direban, ɗan Nijar, ya ƙi, sai da jandarma ya rubuta takardar shaidar haɗari.

Yaya ya dawo yana faɗa: "Shekarata saba'in da ɗaya, sa'an ɗana ya shanya ni a rana saboda takarda."

Yau ma'aikaciyar kamfanin ta ce, "Baba, ba don takardar nan ba, da ba mu saurare ka ba." Yaya ya gyara hula kawai.

'Ya'yansa sun ce in gyara ya faɗo kansu, za su karɓe makullin motarsa, ni kuwa na san zaman gida zai karya shi. Na yi wa direban nan addu'a, ban ko san sunansa ba.

Har yanzu ba a tabbatar ba ko inshorar ta haɗa da motar Yaya, ko ta geron kaɗai. Sun ce sai Litinin.